Amsoshin tambayoyinku: altimita, E6B da jabun kaya

Wani ƙanina daga Kaduna ya rubuto, zai fara karatun tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wai E6B, wato na'urar lissafin matuƙa jirgi, na ƙarfe mai faifai zai saya ko na batir irin CX-3.

Na ƙarfe tukuna. Ba ya cin batir, kuma shi zai koya maka lissafin da hannunka. Na batir ɗin ka bari sai ka tambayi malamanka abin da ake bari a shiga da shi jarrabawa. Amma don Allah kar ka je ka kwaso na bogi a intanet don ka ga ya yi arha, yanzu kowa ya zama ɗan kasuwa, a turo maka hoto mai kyau a Instagram ka tura kuɗi, kaya su iso ka ga lambobin sun karkace, dala ta tashi amma kai an ba ka rabin farashi kuma ko tambaya ba ka yi ba. In ya zo hannunka ka juya faifan ka daidaita 10 na zagayen waje da 10 na zagayen ciki, duk lambobin zagayen dole su hau kan juna. In ba su hau ba mayar musu da abinsu. Wannan ba takalmi ba ne da za a ce a lallaɓa.

Dalilin da nake ta faɗa, altimita, na'urar da ke nuna wa matuƙi nisan jirgi a sama, ba tsawo take gani ba, matsin iska take aunawa. An gina ta a kan 1013 hPa (ma'aunin matsin iska) da zafi digiri 15 a daidai matakin teku, shi ya sa ake ba ka QNH, wato matsin iskar wurin da kake in aka lissafa shi a matakin teku, ka murɗa ka saita ta. Kuskuren hPa ɗaya kusan ƙafa 30 ne, ka tashi da 1018 ka shiga wajen da yake 1008 ba ka gyara ba, kana ƙasa da abin da take nuna maka da kusan ƙafa 300. To ka haɗa wannan da jabun E6B.

Wata baiwar Allah daga Katsina, ɗanta zai tafi horo Kanada, ta ji ance sanyi na sa altimita ƙarya, ba ta barci.

Hajiya kwantar da hankalinki, gaskiya ne amma sanannen abu ne kuma akwai teburin gyara da ake koya musu tun farko. In zafin iska ya yi ƙasa da ƙa'idar da aka gina altimita a kai da digiri 10, jirgi na ƙasa da kusan kashi 4 cikin ɗari na tsawon da ke tsakaninsa da filin da aka ɗauko QNH, sai matuƙi ya ƙara tsawo. Kar ki bari wani ya sayar miki da wata na'ura a kan wannan, rigar sanyi mai kauri ki saya masa. Mu nan zafi ne damuwarmu. Filin jirgin Kano ƙafa 1,560 ne ko kusa da haka, amma ranar da zafi ya kai 40 a watan Afrilu iska ta yi shara-shara, jirgi ji yake kamar yana kusan ƙafa 5,000, sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga.

Sai mai tambayar ko agogon hannu mai altimita zai maye gurbin na jirgi. Haba malam. A'a. Ka hau Dutsen Dala da shi in kana so.