Na tsaya wa kamfaninmu lamuni a banki, me ya sa aka ƙi cire min asarar daga haraji?

Tambaya: Barista, ni mazaunin Bronx ne a birnin New York. Ni da abokina muna da kamfanin manyan motocin dakon kaya, rabi da rabi, mun yi masa rajista a ajin S. Na zuba dala 40,000 a 2021. Banki ya ba kamfanin bashin dala 120,000, ni na sa hannu na tsaya masa. A 2022 rabona na riba dala 15,000 ne, na ɗebi 25,000. A 2023 na ɗebi 10,000, sai takardar K-1, wadda kamfani ke nuna rabon kowa na riba ko asara a cikinta, ta zo da asarar dala 50,000 a kaina. Akantana ya ce 20,000 kawai zan iya cirewa. Ashe bashin da ke wuyana ba ya shiga lissafi?

Amsa: Malam, akantanka yana da gaskiya, kuma ka gode masa, domin ya tsare ka daga tara.

Kamfani ajin S galibi ba ya biyan harajin tarayya da kansa. Riba da asara suna zarcewa ne kan masu hannun jari, kowa da rabonsa. Amma sashe na 1366 na dokar harajin Amurka ya sa iyaka: ba ka cire asarar da ta wuce abin da kake da shi a cikin kamfanin. Wannan abin shi ake kira besis, ni nakan ce wa masu zuwa wajena tushen jari. Ba tsayayye ba ne, kullum motsi yake. Riba tana ƙara shi, kuɗin da ka ɗiba suna rage shi, asara ma haka, kuma a wannan jerin ake lissafawa kowace shekara.

Mu bi naka. Ka fara da 40,000, riba ta kai shi 55,000, ka ɗebi 25,000, saura 30,000. A 2023 aka fara cire 10,000 da ka ɗiba, saura 20,000. Daga nan ne asara ta samu abin ci. Ta cinye 20,000, tushenka ya koma sifili, sauran 30,000 suka tsaya.

Batun banki shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa, kuma na fahimci dalili. A wajenmu wanda ya tsaya wa mutum, bashin nasa ne. Hukumar harajin tarayya ta Amurka, IRS, ba haka take gani ba. Bashin da ke ƙara maka tushe shi ne wanda kamfani ya ci daga hannunka kai tsaye. Sa hannun lamuni alkawari ne kawai, aljihunka bai ragu da ko sisi ba. Ranar da kamfani ya gaza, ka biya banki da kuɗinka, ranar ne abin da ka biya zai shiga lissafi.

Dala 30,000 ɗin nan ba su ɓace ba. Suna jiranka ba tare da wa'adi ba, duk shekarar da tushenka ya farfaɗo za ka cire su. In kamfani ya ci riba bana, sai ka rage ɗiba, ribar ta buɗe musu hanya. In kana da kuɗi a hannu, kana iya ƙara jari kafin ƙarshen shekara, amma ku rubuta yarjejeniya da abokinka tukuna. Ka sani ƙarin zai yi aiki ne a shekarar da ka zuba, ba zai koma 2023 ba. Akwai kuma ba kamfanin rance da kanka, da takarda da ranar biya. Wannan hanyar ina jan kunne a kanta. In rancen ya wuce dala 10,000 babu ruwa a kai, doka tana iya ɗauka kamar akwai ruwan, ta caje ka harajinsa, don haka mai gudun kuɗin ruwa ƙarin jari ya fi masa sauƙi. Sannan in asara ta cinye tushen rancen, kamfani ya biya ka kafin ya farfaɗo, wani ɓangare na kuɗin zai zama abin biya wa haraji.

Yanzu da tushenka ke sifili, duk abin da ka ɗiba fiye da ribar shekara za a lissafa shi kamar ribar sayar da kadara. Kuma kada ka sayar da rabonka da gaggawa, domin asarar da ke jira ba ta bin mai saye, kai ma ka rasa ta.

Lissafin nan nauyinka ne, ba na kamfani ba, K-1 kaɗai ba ta isa. Tun daga harajin 2021 ake haɗa fom 7203, na lissafin tushen jari, da takardun harajin mai hannun jari in ya nemi cire asara, ko ya ɗebi kuɗi, ko ya sayar da rabo, ko kamfani ya biya shi bashi. Ka duba ko an cike maka na 2022. In ba a yi ba, ka tattaro takardun banki da K-1 na kowace shekara tun 2021, ku zauna da akantanka ku sake gina lissafin daga farko, sannan ya gyara abin da ya kamata da fom 1040-X, na gyara takardar harajin da aka riga aka miƙa.