Amsoshin tambayoyinku: mutum-mutumi, gurɓata da cima-zaune

Tambaya daga wata malamar firamare a Zariya: Malam, yarana sun kalli WALL-E, katun ɗin da kamfanin Pixar ya fitar a 2008, na wata na'ura da aka bari tana tattara shara bayan mutane sun cika duniya da bola sun tsere sararin samaniya. Na ce musu sunanta mutum-mutumi, babbar 'yata ta ce ai mutum-mutumi na gona ne. Wa ke da gaskiya?

Malama, duk kuna da gaskiya, amma 'yarki ce ta riƙe tushe. Mutum-mutumi na asali shi ne sanduna biyu da manomi ke gicciyawa, ya zura musu tsohuwar riga, ya kifa malafa, ya kafa a tsakiyar gero don tsuntsaye su zaci mai gona yana nan. Irin wannan maimaici yakan nuna kama wadda ba ta cika ba, kamar ruwa-ruwa, gishiri-gishiri, fari-fari. Da na'urorin suka zo, kafofin labarai suka ara musu sunan.

Ni dai sunan bai gamsar da ni sosai ba. Siffa ya duba, alhali don aiki ake ƙera su. Shi kansa WALL-E akwati ne mai manyan idanu, yana tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi, ina kamar mutum a nan? Kalmar Turawa, robot, daga aiki ta fito: marubucin ƙasar Czech, Karel Čapek, ya sa ta a wasan kwaikwayonsa na 1920, daga robota, wato aikin tilas. Sai dai bakin jama'a ba ya jiran izinin malamai, mutum-mutumi ya riga ya zauna.

Wani ɗalibi daga Maraɗi yana tambaya: me ya sa ake cewa gurɓatar muhalli, ba ƙazantar muhalli ba?

Ɗana, je ka bakin tafki lokacin da shanu suka shiga shan ruwa. Ruwan da yake garau, kofato ya tayar da laka, ya gurɓace. Ƙazanta ita ce daudar kanta, gurɓata kuwa lalata abin da dā yake da tsafta. Shi ya sa ta dace da iska da kogi.

Ya ƙara da cewa: wace kalma ta dace da mutanen fim ɗin WALL-E, da suka shekara 700 a jirgin sararin samaniya mai suna Axiom, kishingiɗe a kujeru masu shawagi, na'urori na kawo musu abinci har ƙiba ta hana su tafiya?

Cima-zaune. Karin maganar da wasu ke jingina musu, "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", an fi faɗa wa wanda ya yi watsi da danginsa, don haka rabi ta dace. Cima-zaune kuwa ta hau su daidai, kuma ba ta sauya siffa: namiji, mace ko taron jama'a, duk haka ake kiransu.