Kofin ruwa da lemu a teburin Idin Yahudawa

'Yar uwa da kika saka hoton teburin Idin Yahudawa kina tambayar me ya kawo lemun zaƙi da kofin ruwa a wurin alhali sauran hotunan da kika gani babu su, bari in ba ki abin da na gani da idona, don shekara uku ina zama a irin wannan teburin lokacin da nake karatu a Amurka, wata abokiyar karatuna ce Bayahudiya take ja na gidansu.

Sunan bikin Fesak, Kiristocinmu na cewa Idin Ƙetarewa, tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar. Cin abincin daren kuma Seda. Akwai littafin da suke bi, Haggada, a karanta a ci gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci. To na gargajiyar ba ya ba da labarin matan cikin ƙissar sam, hatta masu tambaya a ciki 'ya'ya maza huɗu ne. Kuma ke ma kin san labarin Annabi Musa, in aka cire mata me ya rage? Uwarsa ta sa shi a ruwa, yayarsa ta bi sawu, a gidan Fir'auna mace ce ta hana a kashe shi. Su a wurinsu 'yar Fir'auna ce, mu a Suratul Ƙasas matarsa, na faɗa musu haka a teburin har kakarsu ta sa na maimaita. Suna ma da ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, da suka ƙi bin umarnin kashe jarirai maza.

Abin da ya sa kenan a 1975 wata marubuciya Bayahudiya, Esther Broner, da wasu mata suka yi Seda ta mata zalla a birnin Haifa na Isra'ila, 1976 aka yi a New York, suka mai da 'ya'ya mazan nan huɗu mata. Kofin ruwan ya zo daga baya, 1989 a Boston. Dama ana ajiye kofin giyar inabi da sunan Annabi Iliyasu ba mai sha, sai suka ƙara na Miryam yayar Musa (ba Nana Maryam uwar Annabi Isa ba, kar ki haɗa), aka sa ruwa saboda a ruwayarsu wata rijiya ta riƙa bin su a hamada albarkacinta, ranar da ta rasu ruwan ya ɗauke. A gidan da nake zuwa kofin fanko ake kawo shi, kowa ya tsiyaya daga nasa ya ambaci wata mace da ta yi masa rana. Ni kakata na ambata, wallahi sai da murya ta ƙi fita.

Lemun kuwa shi ne ake ta yi wa ƙarya. Za ki ji an ce wai wani ne ya ce mace a mumbari kamar lemu ne a farantin Seda, bai dace ba. Farfesa Susannah Heschel da ta fara abin a shekarun 1980 ta sha ƙaryatawa, ta ce ta sa shi ne don Yahudawa masu neman jinsi da sauran waɗanda ake warewa gefe irin su zawarawa, ana ci ana tofar da 'ya'yan. Abin da ya fi ɓata mata rai ma, an ɗauke tunaninta an sa a bakin namiji.

Amma fa kar ki ɗauka duk Yahudawa ke yi. Masu tsaurin gargajiya, Otodoks, akasarinsu ba ruwansu. Kawun ƙawar tawa duk shekara sai ya yi gunaguni wai an mai da ibada siyasa, ya tura farantin lemun can gefe. Shekara ta ukun dai na ga ya tsiyaya ruwa a kofin ya kira sunan mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa, lemun ne har na bar ƙasar bai taɓa ba.