Ka je kotun kwana ɗaya kafin ranar yaronka

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce an kama yaron shagonka a rigimar kasuwa, za a kai shi kotu mako mai zuwa, kai kuma ba ka taɓa taka kotu a Legas ba, kana tambaya ko za a bar ka ka shiga, kuma me za ka tarar. Allah Ya kawo masa mafita. Ni ba lauya ba ne, albasa nake sayarwa a Mile 12, amma na yi wata da watanni ina zaman bencin baya a shari'ar ƙanen wani maƙwabcina, har masu gadin ƙofa suka san fuskata.

Shiga dai ba sai da izinin kowa ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce shari'ar laifi a bainar jama'a ake yin ta, sai dai irin ta ƙananan yara ko wadda alƙali ya ga dalilin rufe ƙofa. Shawarata ita ce ka ware rana guda kafin ranarku, ka je ka zauna kallon shari'ar wasu. Ranar da naka ke tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma hankalinka ba zai kwanta ka fahimci komai ba.

Ka fara tabbatar da wace kotu ce. Faɗa, ƙaramar sata da cin amana, kotun majistare ake kai su, irin na Ogba, Yaba da Ebute Metta. Babbar Kotun Jiha tana Ikeja. Ta Igbosere a cikin Eko an ƙona ta a Oktoban 2020 lokacin rikicin EndSARS, shi ya sa aka mai da wasu shari'o'in Dandalin Tafawa Balewa. Ta Tarayya kuma tana Ikoyi. Ka tambayi ɗan sandan da ke riƙe da binciken lambar ɗakin kotun, domin gini ɗaya yakan ɗauki kotuna da yawa, kana can kana leƙe-leƙe a kira naka a gama.

Ƙarfe 9 ne lokacin zama a takarda. Ka isa da wuri ka duba jerin shari'o'in ranar da ake liƙawa ko ake ajiyewa gaban magatakarda. In alƙali zai fito za ka ji an buga ƙofa, an daka tsawa "Kot!", kowa ya miƙe, ya rusuna ku rusuna. Waya a kashe ta ɗungurungum, hoto kuwa ko da wasa. Hula, wani ɗan sandan kotu ya ce in cire, wani ko kallona bai yi ba, sai ka bi abin da ka tarar. Kujerun gaba na lauyoyi ne, su ma da girma-girma: mai lambar SAN, wato muƙamin babban lauya, shi ake fara saurara, ko da kai ka yi asubanci.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawancin yinin ba shari'a ake yi ba, ɗage shari'a ake yi. Shaida bai zo ba, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, motar gidan yari daga Kirikiri ko Ikoyi ta maƙale a go-sulo. Minti biyu an ba da wata rana. In kuma an shiga sauraro, alƙalai da yawa da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa, sai ka ga lauya ya yi jimla ɗaya ya tsaya yana kallon biron alƙali.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan mutanenmu ke faɗawa rami. Ranar farko magatakarda zai karanta wa yaron caji da Turanci, Turancin ma na doka, ba burokan ɗin da muke ciniki da shi a kasuwa ba. Sai a tambaye shi ya fahimta? Sannan ya amsa laifi ko bai amsa ba? Na ga wani matashi ɗan Arewa, daga ganinsa bai daɗe da zuwa ba, duk abin da aka ce masa sai ya sunkuyar da kai ya ce "yes sa". Mu a gida ladabi ke nan, babba yana magana ba ka musu. A can kuwa saura ƙiris a rubuta ya amsa laifi. Majistaren ce, Allah Ya saka mata, ta ajiye biro ta ce ya maimaita mata abin da ya ji. Ya yi tsuru-tsuru. Aka jingine shari'ar har aka nemo tafinta, da aka juya masa da Hausa ya dafe ƙirji ya ce wallahi bai ɗauki komai ba. Sashen nan na 36 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in ba ya jin yaren da ake shari'ar da shi. Ka faɗa wa yaronka tun yana hannun 'yan sanda: ya ce Hausa yake ji, kada kunya ta sa ya nuna ya iya abin da bai iya ba. Kai kuma kada ka ce za ka fassara masa daga benci, ɗan kallo ba ya magana, korar ka za a yi in ma an yi maka da sauƙi.

Sai beli. Ba da shi da baki ba wuya, cika sharuɗɗan ne aiki. A Legas yawanci ana neman masu tsayawa biyu, masu sana'ar da aka sani, da shaidar biyan haraji ga gwamnatin jihar, kuma sai an je an ga gidan da suka ce suna zaune. Ka duba mu nawa ne ke kwana a rumfa ko a masallaci, ba rasit ɗin haya, ba takardar haraji. Ƙanen maƙwabcin nan nawa sai da ya yi kwanaki a tsare bayan an ba shi beli, muna yawo tsakanin Agege da Idi-Araba neman wanda takardunsa suka cika. Ka fara neman mutanenka tun yau, ka sanar da sarkin Hausawan unguwarku. A harabar kotu za ka ga masu raɗa maka cewa suna tsayawa beli a biya su. Ni dai na ƙi.

In cajin ya kai kisa ko fashi da makami, majistare ba shi da hurumi: zai tura wanda ake tuhuma gidan gyaran hali, a aika fayil ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a a Alausa a jira shawara, jiran da kan ɗauki watanni. Naku ba na jin zai kai nan.

In ba kuɗin lauya, gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin kare marasa hali, OPD, tun shekarar 2000, ka tambayi magatakarda yadda za ka same su. Ka riƙe biro da takarda, ka rubuta lambar shari'ar da ranar da aka ɗage zuwa, domin a gurguje ake faɗinta. Mu mun taɓa jin 13 a madadin 30, muka rufe rumfa muka yi tattaki a banza.