Re: Kai yarinya 'yar shekara 3 makaranta a kan keke

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kana tambaya ko za ka iya ɗora 'yarka mai shekara 3 a keke ka sauke ta a nazire kafin ka wuce aiki saboda kuɗin adaidaita ya ishe ka, ai tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa suka koma keke, ba kai kaɗai ba ne.

Zai yiwu, amma don Allah kar ka ɗora ta a kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, haka kawai babu kujera ka ce ta riƙe rigarka, yara suna yin barci a hanya musamman in an taso da azahar, kuma babban haɗarin shi ne ƙafarta ta shiga wayoyin tayar baya, wannan raunin yana cin dunduniya sosai wallahi. Ka je wajen mai walda ya haɗa maka 'yar kujera mai majingina da wurin ɗora ƙafa, a sa bel, a rufe gefen tayar da roba ko katako. Hijabi ko doguwar riga ma a tattare mata, kuma takalmi rufaffe ba silifas ba.

Sai birki, irin su Phoenix ɗin nan masu birkin ƙarfe in ruwa ya taɓa su ba sa kamawa da wuri, a duba shi. Ka bi ta lungu ka bar wa 'yan tifa babban titi ko da zagaye ne. Da hunturu a sa mata hula da takunkumi saboda ƙura. Jakarta kuma ka goya ta a gaba, kar ka rataya a kan keken.