Me ya sa tallan masu manyan shafuka ya daina kawo ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina tura wa masu saye. Shekarun baya, idan na biya mai babban shafi ya ɗora kayana, wayata ba ta hutawa har kwana biyu. Bana sau uku ina biya, mutum ɗaya ko biyu ne ke tambayar farashi, daga nan shiru. Su ma waɗanda muke karanta rubutunsu kan dabarun kasuwanci a intanet, wasu sun daina rubutu, wasu sun koma sayar da aji a WhatsApp. Yayinsu ne ya wuce, ko ni ce ban iya ba?
Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba turarenki ne ya rage ƙamshi ba, kuma ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Mai shafin da kike biya dillali ne, kamar dai dillalan Kantin Kwari. Jarin dillali kuwa abu biyu ne: mazauni a inda jama'a ke wucewa, da kuma yardar da aka yi da bakinsa. Duka biyun sun taɓu a 'yan shekarun nan.

Bari mu fara da mazaunin. Lokacin da manhajar Blogger ta fito a 1999, WordPress kuma a 2003, kowa ya samu damar buɗe shafinsa ba tare da ya iya haɗa manhaja ba. A 2003 ɗin nan Google ya fito da AdSense, wanda ke biyan mai shafi saboda tallan da aka liƙa masa. A Najeriya, Linda Ikeji ta fara nata a 2006, ta zama abin misali. A wancan zamanin mai karatu shi ke zuwa da ƙafarsa, ya san sunan shafin, yana leƙawa kullum. Sannu a hankali sai jama'a suka tare a Facebook da Twitter da Instagram, masu shafuka suka bi su can, suka kafa rumfa a filin da ba nasu ba.

Mai fili kuwa shi ke da doka. A 2014 kamfanin talla na Ogilvy ya auna ya ga cewa idan shafin kasuwanci ya ɗora abu a Facebook ba tare da ya biya ba, kusan kashi 6 cikin 100 na mabiyansa ne kawai ke gani. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya fito ya ce za a fifita abin da 'yan uwa da abokai suka ɗora a kan na shafuka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da sayar da talla kamfanin ke rayuwa, ba zai so wani ya zauna a filinsa yana karɓar kuɗin tallan shi kaɗai ba. Saboda haka idan aka ce miki shafi yana da mabiya dubu ɗari biyar, adadin da ke rubuce a saman shafin ke nan, waɗanda hotonki zai isa gabansu kaɗan ne daga ciki. Mun kuma ga wani nau'in haɗarin zaman haya a 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni har Janairun 2022. Duk wanda cinikinsa ya rataya a can ya ji a jikinsa.

Su kuma masu rubutun dabarun kasuwanci da kika ambata, Google ne ya fi yi musu illa. Da yawansu sun gina suna ne a kan koyar da yadda ake yi wa injin bincike wayo don shafi ya fito a sama. Sauye-sauyen da Google ya yi wa tsarinsa a 2011 da 2012, waɗanda aka sani da Panda da Penguin, sun rushe da yawa daga cikin waɗannan dabaru. Daga Nuwamban 2022 da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, ta fito, irin rubutun nan na “hanyoyi goma na jawo masu saye” ya zama abin da kowa zai samu kyauta cikin daƙiƙa. A Mayun 2024 Google ma ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamakon bincike, mutum ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba. La'adar ma ta ja baya: a Afrilun 2020 Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya rage abin da yake ba masu kawo masa ciniki, kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 1. Wanda ya ga haka, ko ya rufe shafi ko ya nemi wata hanyar abinci, shi ya sa kika ga sun koma sayar da aji.

Amma a ganina duk wannan bai kai zubewar yarda ciwo ba, kuma ita masu shafukan da hannunsu suka zubar da ita. Ki tuna dalilin da ya sa tallan farko ya yi miki aiki. Mutane sun ɗauka mai shafin nan ya ga kayan, ya yaba, shi ya sa ya nuna. Yau kuwa shafi ɗaya zai ɗora sabulu da safe, maganin ƙiba da rana, maganin rama da yamma, filin sayarwa da dare, kuma kowanne ana rantsuwa an gwada. Ido ya saba, yatsa ya koyi wucewa. Turarenki mai kyau ya faɗa cikin wannan tarin, wanda ya gani bai da hanyar bambance shi da na wanda ya jiƙa itace da ruwan turare mai araha.

Ga kuma mabiyan bogi. A Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani mai suna Devumi da ya sayar wa fitattun mutane miliyoyin mabiyan ƙarya. A shekarar ne Unilever, ɗaya daga cikin manyan masu kashe kuɗin talla a duniya, ya ce ya daina aiki da duk wanda ke sayen mabiya. A 2022 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba.

Namu na gida ya fi wannan zafi, domin talaka ne ya ƙone. MMM, tsarin nan na zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa, ya rufe asusun mutane a Disamban 2016. A 2024 matasa suka shafe watanni suna dannan waya a wasan Hamster Kombat da fatan samun kuɗin kirifto, kowa na yaɗa adireshin gayyatarsa, da aka zo rabo a Satumba abin da akasari suka samu bai taka kara ya karya ba. A Afrilun 2025 CBEX, wani shafin zuba jari na bogi, ya ruguje da kuɗin jama'a. Duk waɗannan ta bakin wani da aka yarda da shi suka shiga gidaje. Abin yana damuna ƙwarai, domin matar da aka cuta ta wannan hanya ita ce gobe za ta ga tallanki ta ce ba za ta tura kuɗi ba sai ta ga kaya. Hukuma ma ta farga: dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta shafi tallan intanet, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta tanadi ɗauri ga masu gudanarwa da tallata irin wannan damfara.

Sai ki haɗa da halin aljihu tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin kira da data na kusan kashi 50 da aka amince da shi a Janairun 2025. Mai tambayar farashi ta yi shiru, wani lokaci ba ƙin kayan ta yi ba, lissafin cefane ne ya tsaya mata.

To, talla ta bakin mutum bai mutu ba, sai dai ya sauya hannu. Ya koma bidiyo, ya kuma koma wurin ƙananan masu shafi waɗanda mabiyansu suka san su. Ke kuwa kayanki na da wata siffa da ya kamata ki riƙe: ba a jin ƙamshi ta waya. Mai sayen humra sai ta shaƙa a jikin wata, ko wadda ta yarda da hancinta ta ce mata ta saya. Don haka mai gyaran amare ɗaya, ko mai lalle, ko mai ɗinkin da mata ke cika shagonta gab da Sallah, za ta iya kawo miki cinikin da shafi mai mabiya dubu ɗari bai kawo ba. Ki ba su 'yan ƙananan kwalabe su turara wa masu zuwa, ki yanka musu la'ada a kan kowace kwalba da aka saya ta hannunsu.

Idan kuma za ki sake biyan mai shafi, kada ki kalli yawan mabiya. Ki ce ya turo miki hoton alƙaluman tallan da ya ɗora na baya-bayan nan: mutum nawa suka gani, mata ne ko maza, daga waɗanne garuruwa. Ki leƙa ƙarƙashin tallan, ki ga ko tambayar farashi ake yi ko kuwa alamar zuciya kawai ake jerawa. Ki ba shi wata kalma tasa shi kaɗai, wadda mai saye za ta faɗa a rage mata wani abu, ta haka za ki san wa ya turo wa. Sannan ki yi lissafi kafin ki biya. Misali, idan tallan Naira 30,000 ne, ribarki a kwalba kuma Naira 2,000, sai an sayi kwalba 15 kafin ki mayar da kuɗinki. In ya yarda a biya shi rabi yanzu, sauran a kan abin da aka sayar, alama ce mai kyau.

Game da masu aji, akwai na kirki a cikinsu. Kafin ki biya, ki tambayi malamin wane kaya ya taɓa sayarwa da hannunsa ban da ajin, ya kuma haɗa ki da ɗaliba ɗaya mai sana'a irin taki ku yi magana.

Abu na ƙarshe da nake so ki fara a makon nan: ki buɗe littafi ki rubuta duk wadda ta taɓa sayen kayanki, lambarta, garinsu, da irin turaren da ta ɗauka. Ki nemi izininsu ki ajiye lambobin a WhatsApp Business, ki jera kayanki da farashi a ciki. Idan kwalba ta kusa ƙarewa a lissafinki, ko azumi ya matso, ki gaishe da wadda ta saya, ki tambaye ta yadda ta ji na wancan karon. Allah Ya sa albarka a sana'a.