Me ke ba wasan tatsuniya na kan tebur, wanda kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin gwarzo ɗaya a cikin labari, ɗanɗanonsa na asali?

Ka ce kun sayi littafin dokoki da dais, kun zauna kun buga, amma wasan ya fito lami. To, abin da ya ɓace galibi tsoro ne.

A Dungeons & Dragons na farko, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, gwarzonka yana farawa ne ba shi da ƙarfin kirki. Ana jefa dais uku masu fuska shida kan kowace siffa tasa, kamar ƙarfi ko basira, abin da ya fito tsakanin 3 da 18 shi ne rabonsa. Sara ɗaya na iya gamawa da shi. Shi ya sa ɗan wasa yake kasa kunne a ƙofa kafin ya buɗe, yake dungurar ƙasa da doguwar sanda don gudun tarko, yana lissafin man fitilar da ya rage. Kuma dukiyar da aka fito da ita daga kogo ta fi kisan dodo kawo maki, don haka wayo ya fi gaba da gaba riba.

Sai rabon aiki: mayaƙi a gaba, matsafi a baya, mai warkarwa a tsakiya. Babu mai iya tafiyar shi kaɗai.

Kuskuren sabon jagoran wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, shi ne ya tsara ƙarshen labari tun a gida, ko ya riƙa murɗe sakamakon dais don ceton gwarazan ’yan wasansa. Da zarar ’yan wasan sun gano, armashi ya tafi.

In dokokin faɗa suka rikita ka, zauna a teburin gogaggen jagora ka ga yadda yake yanke hukunci ba tare da tsayar da wasa ba.